Manna madubin roba a fuskar gita: abin da ya same mu

Mai kaɗa gita, Bukoki, Yamai: Assalamu alaikum. Na sayi fallen madubin roba na akirilik, wanda aka fi sani da Plexiglas, mai kaurin milimita 3, a kasuwar Katako, da niyyar rufe fuskar gitata ta lantarki kamar wadda na taɓa gani a hannun Paul Stanley na ƙungiyar mawaƙa ta KISS. Na shafa gam ɗin da masu gyaran takalmi suke amfani da shi, na danne da bulo biyu aka kwana. Da safe sai na tarar madubin ya yi dabbare-dabbare masu launin toka, daidai inda gam ya fi kauri. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya gaya mini inda na kuskure kafin in ɓata falle na biyu.

Kafinta, Tawa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka ya same ni shekarun baya, lokacin da na yi wa wani shago ado da irin wannan madubi. Ƙyallin da kake gani wani siririn shafe ne na alminiyam a bayan robar, an rufe shi da fenti, kuma sinadarin da ke sa gam ɗin takalmi wari shi ne yake narkar da fentin har ya taɓa alminiyam ɗin. Silikon mai warin tsami ma ɓarna yake yi. Wanda ya yi mini aiki shi ne silikon marar tsami da aka rubuta a jikinsa cewa na madubi ne, kuma ko shi sai na gwada a kan ɓalli na kwana uku kafin in yarda da shi.

Mai gyaran kayan kiɗa, Yantala, Yamai: Malam kafinta ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya ba ni wahala zafi ne. Akirilik yana miƙewa kusan milimita 0.07 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, wato a jikin gita mai tsawon santimita 45, bambancin digiri 30 zai motsa shi kusan milimita ɗaya. Katako kuwa bai damu da zafi sosai ba, laima ce take kumbura shi da damina, hunturu ya tsotse shi. Na manna wa wani yaro madubi da gam mai ƙarfi irin na kwali biyu da ake haɗawa, a watan Janairu, aikin ya fito tas har nake alfahari da shi. A watan Afrilu suka je wasan biki, gitar ta wuni a bayan mota cikin rana, aka dawo mini da ita da tsaga tun daga ramin sukuru na jaki, wato abin da tsirkiyoyi suke hawa a kansa a jikin gitar, har bakin jiki, kamar an ja layi da reza. Gam ɗin ya riƙe gam-gam, robar ta rasa inda za ta motsa, sai ta fashe a inda ta fi rauni. Tun daga ranar na koma ga siririn salatif mai gam fuska biyu, wanda yake barin robar ta ɗan ja, kuma kowane ramin sukuru nakan faɗaɗa shi ya fi sukurun kaɗan, ba na kuma ɗaure shi har ƙarshe.

Kafinta, Tawa: Ka tuna mini da batun huda, maigida. Bakin injin huda na ƙarfe yana cafkar robar ya tsaga ta lokacin da zai fita, saboda haka nakan dushe kaifinsa kaɗan da dutsen wasa, in shimfiɗa katako a ƙasa, in huda a hankali. Ledar da ke rufe fuskar madubin kada a ɓare ta sai an gama komai.

Ɗalibar kiɗa, Yamai: Ni kuskurena na shiri ne. Ban goge jikin gitar ya kwanta sumul ba, kuma ƙurar hunturu ta shiga ƙarƙashi, sai fuskata take fitowa a karkace a madubin, kowace ƙwayar yashi ta zama ƙurji. Daga baya na goge madubin da alkol, ya yi 'yan tsage-tsage a gefen da aka yanka. Ruwa da sabulu kaɗan da tsumma mai laushi sun isa.

Mai gyaran kayan kiɗa, Yantala, Yamai: Saura abu ɗaya, ƙanena. Milimita 3 ɗin nan za su ɗaga jaki, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya, yatsunka su sha wuya. Ko dai ka fere kaurin madubin daga fuskar katakon, ko ka sa siririn katako a ramin wuya idan gitarka mai wuyan sukuru ce, wato wadda aka ɗaure wuyanta a jikinta da sukuru. Kuma jikin gitar da ke da tudu a tsakiya ko gangara a wurin dantse ba ya karɓar wannan madubi.

Mai kaɗa gita, Bukoki, Yamai: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gitata shimfiɗaɗɗiya ce mai wuyan sukuru. Na yanki ɓalli biyu daga fallen da ya lalace, ɗaya da silikon, ɗaya da salatif, na ɗora su a kan rufin kwano, ranar Juma'a zan sauko da su in gani.