Ofishin yaɗa labarai na jami'a: kuɗi sun ragu, aiki ya koma waya

'Yar Asawase:
Assalamu alaikum. Ina aiki a ofishin hulɗa da jama'a na wata jami'a a nan Kumasi, ina so in ji daga masu irin aikina da iyayen da sanarwarmu ke zuwa musu. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, aikinmu ya koma Facebook da WhatsApp da shafin jami'a. A shekarar ne kuma ɗaliban farko na karatun sakandare kyauta, wanda aka fara a 2017, suka kammala. Masu neman gurbi suka ƙaru, mu ba a ƙara mana ko mutum ɗaya ba. Sai ga tsadar 2022, da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Mujallarmu ta tsaya saboda kuɗin takarda da bugu. Manhajar gyaran hoto da dala ake biyan ta, sidi kuwa, kuɗinmu na Ghana, ya faɗi. Abin da ke hana ni sakewa shi ne: saƙonmu yana isa Zango kuwa?

Tela daga Aboabo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ya isa, gaskiyar ke nan. Da sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, na ɗana ya fito, wata takarda ta shigo wayarsa da tambarin jami'a da sa hannu, wai ya samu gurbi, a tura kuɗin riƙe wuri ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kafin Juma'a. Ni Larabci da ajami nake karantawa, ba Turanci ba. Kuɗin ɗinkin Sallah na tura. Da muka je makarantar, wata mata ta juyo mana da kwamfutarta ta nuna gargaɗin da suka sa a kan masu damfarar nan tun kafin a cuce mu. Da Turanci, a shafin da ban taɓa buɗewa ba. Ɗan damfara ya san hanyar gidana, jami'a ba ta sani ba.

'Yar Asawase:
Allah Ya mayar maka da alheri, Baba. Irin wannan gargaɗin ni ma nake rubutawa, raina ya ɓaci sosai.

Malamin da ya yi ritaya, Asokore Mampong:
A zamaninmu sanarwar ɗaukar ɗalibai a jaridar Daily Graphic take fita, wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen unguwa a ƙofar masallaci. Tallar jarida da tsada, amma ba mai iya ƙirƙiro shafin ƙarya. Kuma ku tuna GBC, hukumar rediyo da talabijin ta Ghana, ta daɗe tana labarai da Hausa tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Idan gidan rediyon ƙasa ya ga dacewar haka, me zai hana jami'a?

Mai bautar ƙasa a Tafo:
Yaya, ni a irin ofishinku na yi hidimata. Mu 'yan bautar ƙasa ke riƙe da shafukan, da wayarmu da datarmu. Shekara na cika mu tafi, sabo ya zo ya fara daga tushe, wani lokacin har kalmar sirri sai an yi cigiya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne hoto. Duk lokacin buga takardar talla sai a ce a nemo mai hijabi da ɗan Arewa mai fugu a tsayar da su gaba. To madalla. Amma taron tarbar sababbin ɗalibai aka sa shi daidai lokacin sallar Juma'a, don babu Musulmi a wurin da aka tsara jadawalin. Ba a kuma tambayi yarinyar ko ta yarda hotonta ya hau allo a bakin titi ba, alhali akwai dokar kare bayanan mutane tun 2012.

Wani ɗalibi makaho ya taɓa biyo ni ofis. Ya ce sanarwar da muke zanawa a cikin hoto, manhajar da ke karanta masa rubutu ba ta ganin komai a cikinta. Daga ranar muka riƙa sa rubutun a ƙarƙashin hoton. Ko kwabo bai ci ba.

Hajiya mai shago a Kejetia:
Ku yi mana saƙon murya kawai. Minti biyu da Hausa: ga ranar rufe fom, ga bankin da ake biya, jami'a ba ta karɓar kuɗi ta lambar wani mutum. Zan tura wa matan adashinmu, kafin la'asar ya zaga Sabon Zango.

'Yar Asawase:
Hajiya, tsoron shugabanninmu shi ne murya ma ana iya kwaikwayonta, kuma idan an yi da Hausa sai an yi da Twi da Dagbani da Ewe. Ni na ce a yi duka, ai muna da ɗalibai masu jin kowanne. Zan kai shawarar a riƙa sa sautin a shafin jami'a, a kuma ba limamai da sarakunan Zango lambar ofis guda ɗaya da za a kira a tabbatar kafin a biya komai. Malam, a Asokore Mampong wa ya kamata in fara gani?