Neman shawara: abokin harkata ya gayyace ni shagon gyoza na iyayensa a Japan

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar. Ina Japan yanzu haka kan harkar kayan gyaran mota. Mutumin da nake sayen kaya a hannunsa tun zamanin korona muke tare, bai taɓa cin ko sisina ba. Akwai lokacin da kwantenata ta maƙale a tashar ruwa, jari ya tsaya cak, bawan Allahn nan ya ɗaga min ƙafa wata da watanni, ko sau ɗaya bai tayar da maganar bashi ba. Da na sauka a filin jirgin Narita shi ya tarye ni, shi ya nema min masauki. To jiya ya ce zai kai ni garinsu Utsunomiya, iyayensa suna da ɗan shagon gyoza a can, wani abinci ne na ƙullun fulawa da ake naɗe haɗi a ciki. Ya nuna min hoto: kanta ɗaya da 'yan kujeru, tsohon yana tsaye gaban kaskon ƙarfe, tsohuwar tana zaune tana naɗe su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ya ce ranar ba za su buɗe wa kowa da rana ba sai ni. Na ce to. Da dare na bincika, sai na ga naman alade ake sa wa a ciki. Wallahi bacci ya gagare ni. Haram dai ba zan ci ba, amma da wane ido zan kalli tsohuwar nan?

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam. Shi ya san kai Musulmi ne? Ba ka faɗa ba.

Abban Sadik:
Ai ya sha ganina ina salla a wajen lodi.

Alhajin Yokohama:
Ƙanena, saurare ni, na daɗe ina shiga ƙasar nan. Gyoza fallen ƙullun fulawa ne siriri, a zuba masa niƙaƙƙen naman alade da kabeji da tafarnuwa da citta da wani ganye mai kama da lawashi, a naɗe bakin. A soya gindin a kasko, a watsa ruwa a rufe, turiri ya dafa saman. Daga China abin ya samo asali, 'yan Japan da suka dawo daga Manchuria, yankin arewa maso gabashin China, bayan yaƙin da ya ƙare a 1945 su suka yaɗa shi. Kuma garin da za a kai ka, shi da garin Hamamatsu sun daɗe suna gogayya da juna a kan gyoza a Japan. Ko sun ce maka na ganye ne kada ka yarda, sau da yawa akwai nama kaɗan ko kitsen alade a ciki, kuma kasko ɗaya ne. Kada ka je. Ka ce aiki ya taso maka, shi ke nan.

Ɗalibar Sendai:
Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Mutanen nan suna jin ciwon a saɓa musu alkawari a ƙurarren lokaci, balle har sun shirya rufe shago. Yaya Abban Sadik, ganin kana salla bai isa ba, da yawansu ba su haɗa salla da rashin cin alade. Ka kira shi yau ka faɗa masa a fili: ba alade, ba kitsensa, ba giyar girki irin sake da mirin. Ka tambaya ko za a iya yi maka na jatan lande da kabeji a wani kasko daban. Matar malamina ta yi min haka, har sabon kasko ta saya ba tare da na roƙa ba.

Malam Na Tudu:
Jatan landen shi ne daidai, abincin teku halal ne da nassin aya ta 96 a Suratul Ma'ida. Kada a ruɗe ka da na kaza, mafi yawan mutanen can Shinto da Buddha suke bi, yankansu ba na Ahlul Kitabi ba ne. Batun kasko kuwa, hadisin Abu Sa'alaba a Bukhari da Muslim ya nuna in babu wani, a wanke a yi amfani da shi. Ƙarya kuma ban goyi bayanta ba, Alhaji.

Alhajin Yokohama:
Malam, kai littafi ka karanta, ni kicin ɗin na gani da idona. Kaskon nan shekara da shekaru yana shan kitse, ba sa ma wanke shi da sabulu, gogewa kawai suke yi. Miyar waken soya da ake tsoma gyozar a ciki ma akwai ɗan burbushin giya a wasu. In gyoza yake so, ya je garin Sano, shi da Utsunomiya duk cikin jihar Tochigi suke, akwai mai yin na halal a can.

Baban 'Yan Biyu:
Ni abin da ya same ni a Guangzhou har gobe yana raina. Tafintana ya rantse min naman shanu ne, sai bayan mun fito yake dariya. Kuma shi wannan tafintan daga baya ya haɗa baki da masu kaya aka loda min tayil na jabu. Har yau ban gama biyan bashin ba, 'yan uwana ma cewa suke ni na cinye kuɗin.

Maman Hanan:
Allah ya mayar da alheri. Abban Sadik, ka riƙe musu tsaraba, ko kilishi ne, zai rage zafin abin.

Alhajin Yokohama:
Kilishi a Japan? Hajiya, an hana shiga da nama, a filin jirgi har karnuka suke sa wa su shinshina jaka. Dabino dai. Kuma kada ka bar musu kuɗin ihsani a kan kanta, ba al'adarsu ba ce, biyo ka za su yi da shi.

Abban Sadik:
Na gode duka. Amma ku fahimce ni, ba ni na nemi zuwa ba, kuma mutumin da ya rufa min asiri ba zan ce masa a'a a tsaye ba. Ƙanwata, shawararki mai kyau ce, sai dai tsohuwar nan girkin da ta gada take so in ɗanɗana. In ce ta canja shi saboda ni, ai kamar na raina abin ne. Ina tunanin in ɗauki azumin nafila ranar, in je in gaishe su, in zauna mu yi hira.

Ɗalibar Sendai:
Yaya, su rufe shago su yi girki, ka zo ka zauna ko ruwa ba ka sha ba? Wannan ya fi komai ciwo. Kuma su ce za su ƙulle maka a leda ka yi buɗa-baki fa?

Malam Na Tudu:
Azumi ibada ne, kada a mai da shi mafaka. Ka gyara niyya tukuna.

Alhajin Yokohama:
Na faɗa muku tun farko, rashin zuwan ya fi sauƙi.

Abban Sadik:
Yanzu ya turo min saƙo, ya riga ya yanki tikitin jirgin ƙasa na safiyar Asabar, ya ce tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba daga Tokyo. Ban ba shi amsa ba. Akwai wanda zai iya rubuta min maganar da Japananci ta yadda ba za ta yi kaushi ba?

Baban 'Yan Biyu:
Ni dai kada ka yarda da tafinta.