Wai kotu ba ta da hurumi kan tsige gwamna?

Daga zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu a Jos, bayan sallar isha'i.

Abba Ɗan Jami'a: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Musu muka yi yau a aji. Ni dai na ce in majalisar jiha ta tsige gwamna, magana ta ƙare. Sashe na 188, ƙaramin sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, ya hana kotu sa baki. Da idona na karanta.

Kawu Direba: Yaro man kaza! Kana ina a Nuwamban 2006? A garin nan aka tsige Gwamna Dariye na jihar Filato, aka rantsar da mataimakinsa Botmang. Ranar jami'an tsaro sun cika hanyar majalisa, sai da na zagaya da fasinja kafin na kai Taminus. Wa ya dawo da Dariye in ba kotu ba?

Barista: Kawu ya faɗi daidai. Abba, ka karanta na 10 ka tsallake tara da ke gabansa. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargi, a ba gwamna kwafi. Sai kashi biyu cikin uku sun yarda a bincika, Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum 7, su kawo rahoto cikin wata 3, a sake samun kashi biyu cikin uku. Majalisar Filato kujera 24 ce, ka ga ana buƙatar 16. Waɗanda suka zauna ba su ko kai goma ba. Suka ce ai kujerun sauran sun zama wofi tun da sun bar PDP, don haka da su kaɗai za a yi lissafi. Kotun Ƙoli ta ce a'a, da 24 ake ƙirga.

Abba Ɗan Jami'a: To ranka ya daɗe, Balarabe Musa fa? An tsige shi a Kaduna a 1981, ya je kotu, ta ce ba ta da hurumi.

Barista: Shi yana jam'iyyar PRP, 'yan jam'iyyar NPN kuwa sun cika majalisa, suna da yawan da ake nema. Kuma fassarar ta sauya tun shari'ar Ladoja na Oyo, wanda 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige bayan zaman da suka yi a otal a Ibadan. A Disambar 2006 Kotun Ƙoli ta ce kariyar da ƙaramin sashe na 10 ya bayar sai ga majalisar da ta bi ƙa'ida.

Hajiya Mai Atamfa: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Dariyen nan ba shi kotu ta ɗaure a 2018 kan kuɗin jiha ba? Ashe masu tsige shi ba su yi ƙarya ba ke nan.

Barista: Hajiya, ko ɓarawo aka kama a kasuwa ba a yanke masa hukunci a bakin rumfa. In mutum takwas za su iya cire gwamna yau don yana da laifi, gobe takwas za su cire wanda laifinsa kawai ya hana su kwangila.

Hajiya Mai Atamfa: Ai ko ashirin da huɗun ma a kan kwangilar suke tsigewa, ɗana.

Kawu Direba: Hajiya kin gama magana! Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya jinkirin ne. Ƙarshen Afrilun 2007 Kotun Ƙoli ta mayar wa Dariye kujerarsa, wa'adinsa ya ƙare 29 ga Mayu. Wata guda fa. Nyako na Adamawa ya fi shi shan wahala, an cire shi a Yulin 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke tsigewar a 2016, alhali wa'adin ya wuce tun 2015. Sai haƙƙoƙinsa aka ce a biya shi.

Abba Ɗan Jami'a: To ashe ban faɗi duka ba, Kawu. Kotu na da hurumi a takarda, kujera kuwa wani na kai.

Barista: Wannan wata muhawarar ce daban, kada ka sauya mana layi. Ka fara amsa cewa ka sha kaye a ta farko.

Abba Ɗan Jami'a: Cajina ya kusa ƙarewa, Barista. Sai da safe.