Don Allah masu gashe-gashe ku taimaka: kukis ɗin na'ana'a da cakulan sun ƙi tsayawa, kuma Juma'a zan kai makaranta

Baƙuwar Ohayo: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, kaina ne ya ɗaure. Bara muka biyo maigida nan Amurka, jihar Ohayo, yana ƙarin karatu. 'Yata tana aji biyu na firamare, kuma tun da muka zo yarinyar nan ba ta sake ba. Ita kaɗai ce mai hijabi a ajinsu. Duk abin da na zuba mata a kwanon makaranta sai ta dawo da shi, wai yara suna leƙowa suna tambayar mene ne wannan. Ranar da na sa mata dambun shinkafa da kukanta ta shigo gida.

To Juma'ar nan za su tafi hutun hunturu na Disamba, malamarsu ta aiko takarda cewa akwai 'yar walimar rufe aji, iyayen da suka samu dama su kawo kukis na gida. An ja layi a ƙasa: kada a sa gyaɗa ko danginta, akwai yaran da take tayar wa da ciwo. Ita kuwa 'yar tawa har ta riga ta gaya wa malama cewa Mamanta za ta kawo snowball. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta taɓa kawo mana su, 'yan ƙananan dunƙule farare fat, an birkiɗa su a garin sukari. In kin gutsira cikin kore ne da ɗigo-ɗigon cakulan, yana narkewa a baki da ɗan sanyin na'ana'a. Ta rubuta mini yadda ake yi, sai ta tafi wajen ɗanta hutu, ba ni da lambarta.

Ga abin da ke takardar: bota sanda biyu, garin sukari rabin kofi, fulawa kofi biyu da kwata, ɗan gishiri, filebon na'ana'a cokalin shayi ɗaya, kalar abinci kore, ƙananan ƙwayoyin cakulan kofi ɗaya. Ba ƙwai, ba bekin foda. Wallahi na bi komai. Amma da na sa a obin sai su baje a tire su haɗe da juna, gefen ya ƙone. Sukarin da na birkiɗa su ciki ya narke ya zama danƙo. Maigida ya ɗanɗana ɗaya ya ce kamar makilin. Yau Laraba. Ya zan yi?

Hajiya Mai Kek: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, wannan ai gireba ce Turawa suka shafa wa hoda. Shekara da shekaru ina wannan sana'ar a Kano, ban taɓa ganin kwaɓin da ya tsaya ba ƙwai ba. Ko matar ta manta, ko ta riƙe sirrinta. Ki fasa ƙwai ɗaya, ki sa bekin foda rabin cokali, ki yi ta ƙara fulawa har ya daina kama hannu. Ki gasa a 180, minti 20. Ki dawo ki ba ni labari.

'Yar Zazzau: Hajiya, mu dai a gidanmu ba a sa wa gireba ƙwai. Fulawa ce da sukari da mai, a yayyafa riɗi a kai.

Hajiya Mai Kek: Shi ya sa taku take farfashewa kafin a kai gidan amarya.

Antin Kanada: 'Yar uwa don Allah kada ki sa 180. Lissafin Hajiya na obin ɗin gida ne, na ma'aunin Selsiyos. Naku na Amurka da Faranhait yake aiki, 180 a wurinku bai wuce 82 na gida ba, botar za ta tsiyaye kafin komai ya gasu. Ki sa 350, minti 10 zuwa 12, ki sauke da zarar ƙasan ya fara ja, saman yana nan da haskensa. Kuma maƙwabciyarki ba ta ɓoye komai ba, haka ake yin su, ba ƙwai. Su ne dai waɗanda ake kira kukis ɗin bikin Meziko, ko kek ɗin shayin Rasha, asali da dakakken pecan ko walnut ake yi, wasu 'ya'yan itatuwa ne masu kama da gyaɗa. Rashin ruwa a kwaɓin ne yake sa su narke a baki. In kika sa ƙwai da bekin foda za su kumbura su fita daga siffarsu, wani abu daban za ki samu. Tambayata: yaya kika yi da botar kafin ki kwaɓa? Kuma da wane kofi kika auna?

Baƙuwar Ohayo: Anti na gode. A 350 ɗin nake gasawa dama. Botar kuma a maikurowef nake sa ta ta narke, don gidan nan sanyi ne da shi, in na ajiye ta a kan kanta sai ta wuni tana nan da taurinta. Ni dai ban ga bambanci ba tunda ko yaya a obin za ta narke. Kofi kuwa na shayinmu ne, kuma shi na yi amfani da shi a komai, ai bai kamata ya ba da matsala ba.

Antin Kanada: To ga inda gizo ke saƙar. Sanda biyu na bota giram 226 ne, ba da kofinki kika auna ta ba, haka ta zo. Kofin da matar ke nufi na awo ne mai mililita 240. In naki bai kai ba, fulawarki ta yi wa botar kaɗan. Ya kamata ta kai wajen giram 280, sukari giram 60. Sannan narkakkiyar bota ba ta riƙe iska in an buga ta da sukari, kuma kwaɓin yakan shiga obin da laushi, sai ya kwanta kafin fulawar ta kama jikinta. Ki yayyanka botar ƙanana a faranti, rabin awa zuwa awa ɗaya za ta yi taushin da yatsa zai lotsa ta. Bayan kin mulmula, ki sa su a firij minti 30, kuma kada ki jera sabbi a kan tire mai zafi.

Uwar Biyu: Ku kuna maganar sanda biyu. Mu nan botar gaske sai dai mu gan ta a firij ɗin kanti mu wuce. Ta bokiti muke saye a awo, ita ma kullum da sabon kuɗi. Ga mutane a yi musu kukis na suna, su ci su yaba, in an zo biya sai a ce sai Alhaji ya dawo. Wata tun Babbar Sallah nake bin ta kuɗin katan biyu, kuma kullum ina ganin ta da sabon leshi.

Amaryar Bara: Wallahi Maman Biyu kin taɓo mini inda ke ciwo. Ni garata aka kawo, dubulan da alkaki da nakiya cike da bokitai, dangin miji suka rabe tas ko ɗanɗano ba a bar mini ba, daga baya kuma na ji ana cewa alkakin bai ji zuma ba. Mahaifiyata bashi ta ci ta yi kayan nan.

Hajiya Mai Kek: Duk wannan lissafin giram-giram ɗin na masu sikeli ne. Hannu shi ne sikeli. Batun makilin kuma, wane filebo kika saya? Ni alewar minti nake dakawa a turmi in tankaɗe, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Baƙuwar Ohayo: Hajiya, da na je kanti na juya kwalbar filebon na'ana'a, abu na farko da aka rubuta a jikinta giya ne. Na ajiye. Sai na sayi man na'ana'a zalla, na zuba cokali ɗaya yadda takardar ta ce. Ba zan ciyar da 'yata da 'ya'yan mutane abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Antin Kanada: Ba wanda ya ce ki sa mai giya. Gaskiyarki ce, haka suke, ko na banila a dokar Amurka sai ya kai kashi 35 cikin ɗari na giya kafin a kira shi zalla, kuma gashi ba ya ƙone ta duka. Amma man ya ninka filebon ƙarfi sau uku ko huɗu, ko fiye. Ɗigo-ɗigo ake sa shi, kada ki wuce kwatan cokalin shayi, ki ɗanɗana kwaɓin tunda ba ƙwai. Ki duba kuma a tabbatar na ci ne, don akwai wanda ake sayarwa na ƙamshin ɗaki.

Ummu Yara: Ni tambayata ɗaya. Wannan ba kayan Kirsimeti ba ne? Me ya kai ki? Ki soya mata cincin ki huta, su ma su san namu.

Baƙuwar Ohayo: Walimar rufe aji ce, ba coci za a kai ba. Kuma ba ki ga fuskar yarinyar nan ba ranar da ta ce mini ta gaya wa malama. Sau ɗaya dai ta kai abin da ba za a tambaye ta mene ne ba. Cincin ɗin na sha tura mata, yana dawowa.

Ummu Yara: Allah ya ba ki haƙuri. Haka ake farawa dai, nawa yanzu ko tuwo ba sa kallo.

'Yar Zazzau: Ba wanda ya yi maganar danƙon sukarin. Da zafinsu kike birkiɗawa?

Baƙuwar Ohayo: Eh, daga obin sai cikin sukari, don ya kama. In sun huce ai zubewa zai yi.

Antin Kanada: Sau biyu ake yi. Ki bari su sha iska kamar minti 5, da ɗumi-ɗuminsu ki birkiɗa, wannan na farkon zai ɗan jiƙe, shi ne zai riƙe na biyu. In sun huce sarai ki sake, a nan farin yake fitowa. Kada ki rufe su a roba da sauran ɗumi. Wani abu kuma da ya fi duk wannan: ki juya ledar cakulan ɗin ki karanta. Da yawa suna rubuta cewa ana iya samun ɓurɓushin gyaɗa a ciki saboda injin da aka yi su. In haka aka rubuta, bai kamata ya shiga ajin nan ba.

Baƙuwar Ohayo: Na zubar da ledar, na juye su a kwalba. Amma cakulan ne zalla, na gani da idona, kuma manya ne don ban samu ƙananan ba, sai na daddatsa da wuƙa. Yanzu dai akwai kwaɓin da na yi tun safe da narkakkiyar botar, yana firij ya yi tauri. Bota sanda biyu kawai ta rage mini, maigida ya fita da mota, ƙanƙara kuma tana zuba. Ba zan iya zubar da wannan ba, almubazzaranci ne. In na ƙara masa fulawa ba zai yi ba?

Hajiya Mai Kek: Zai yi mana. Ƙwai ɗaya, fulawa rabin gwangwani, ki murza. Na gaya miki tun farko.

Antin Kanada: Cokali guda na man na'ana'a yana cikinsa, fulawa ba za ta kashe wannan ƙarfin ba. Ki bar wa gida shi, ki yi sabo da botar da ta rage, da cakulan ɗin da kika karanta ledarsa.

Hajiya Mai Kek: Anti, ke dai komai sai a zubar a sake. Mu da muke ciyar da gida da sana'ar nan ba mu san wannan ba.

Baƙuwar Ohayo: Bari in gasa guda huɗu daga na firij ɗin in gani tukuna. Ni har yanzu ina ganin obin ɗin gidan nan ne, tun da muka shigo ko kaza ba ya gasa ta daidai.

Uwar Biyu: Hajiya don Allah nawa kike sayar da gireba ɗari yanzu? Ina so in gyara farashina kafin bukukuwan ƙarshen shekara.