Ashe kafur bishiya ce?

Ɗan Kawo: Jama'a, ƙanina da ke karatu a Japan ya turo min hoto daga wani lambun shaƙatawa a Takeo, lardin Saga. Bishiyar kafur ce, kewayen gindinta mita 21, an ƙiyasta shekarunta 3,000. A gefenta sai ya koma kamar ɗan tsako. Ya ce ya murza ganye ɗaya, sai ƙamshin akwatin Hajiyarmu. Ni duk zatona a masana'anta ake yin kafur. Wanda muke saye a Kasuwar Barci daga jikinta yake?

Baban Unguwar Rimi: A'a ɗana. Na ainihi, sassaƙen icen ake turarawa, tururin ya huce ya daskare ya zama fari. Ƙwallayen da kuke jefawa cikin kaya yawancinsu naftalin ne, daga kwalta ko man fetur. Ku nisanta su da jarirai.

Yaya Tudun Wada: Mita 21? Ko mutum goma suka riƙa hannu ba za su zagaye ta ba. Ranar Asabar na kai yara Gamji Gate, har ina yi musu alfahari da bishiyoyin bakin kogi.

Ɗan Kawo: Na gode Baba. Bari in je in kwashe na akwatin goyo.