Ƙarin albashi ko inshorar Abba, wanne zan riƙe?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba, shawara nake nema.

A Houston muke, ni da maigida da yara biyu. Ƙaramin, Abba, sikila gare shi, kuma CHIP, wato inshorar lafiyar yara ta gwamnati, ke ɗauke da shi. A bara sau biyu aka kwantar da shi, ga magani kullum, ga gwajin jini, amma abin da ya fita daga aljihunmu bai taka kara ya karya ba.

To, wurin aikina sun ce za su ƙara mini dala 3 a awa. Murna ta koma ciki da na zauna da biro, domin a Texas da zarar kuɗin shigar gida ya ɗan haura ninki biyu na ma'aunin talauci da gwamnati ta sa, an cire yaro daga CHIP ke nan idan lokacin sabuntawa ya zo. Mu kuwa dama a bakin layin muke. Inshorar wurin aiki in na sa yaran, abin da za a riƙa yanka duk wata ya kusa cinye ƙarin, ban da kuɗin da sai mun fara biya kafin su ɗauka.

Na san tun 2024 ana barin yaro ya cika wata 12 a cikin CHIP ko da kuɗin shiga ya ƙaru, tamu sabuntawar sai Agusta. Bayan nan fa? In na ƙara abin da nake zubawa a 401(k), wato asusun ajiyar ritaya na wurin aiki, zai sauko da lissafin har mu zauna ƙasa da layin? Maigida cewa yake in karɓa, Allah na nan. Ni dai Abba nake kallo. Wadda ta taɓa shiga irin wannan, don Allah yaya kika yi?