Yarona ya nace sai zane, in canza masa makaranta ko in bar shi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema dan Allah. Yarona ya gama aji uku na ƙaramar sakandare a nan Katsina, tun yana firamare ba bangon da ya bari a gidan nan, kwanaki ya zana hasumiyar Gobarau da biro har maƙwabta suka riƙa karɓa suna kallo. Makarantarsu ba malamin zane a babban aji, wata kuma can wajen Ƙofar Ƙaura suna da shi har a zana a WAEC amma kuɗinsu ya fi, ga kuɗin Napep kullum. Babansu ya ce ajin kimiyya zai shiga. Wanda ɗansa ya yi wannan darasin, nawa kayan aiki ke ci a zango, kuma yana da amfani gaba? Ranar Litinin za a rufe karɓar fom.

Ɗan Ƙofar Soro:
Hajiya ki kai shi koyon gyaran waya a hutu, shi ne ke kawo kuɗi yanzu.

Malamar Zane:
Wa'alaikumus salam Maman Khalifa. Shekara tara ina koyar da darasin nan, kuma wallahi yaron da ya iya zane ya iya kallo, in ka aje masa tulu sai ya lura da inda haske ya faɗa da inda inuwa take, wannan natsuwar tana bin shi har sauran darussa. Ai ko a bayoloji sai an zana fure da ƙashi an sa suna. Gaba kuma akwai sashen zane a ABU Zariya, tun 1958, lokacin wurin yana kwaleji bai zama jami'a ba, ɗalibansa irin su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, sunansu ya zaga duniya. Amma ki tambaye shi da kyau, in zanen gine-gine yake so to wannan sai da lissafi da fiziks, babansu ya yi daidai kenan. Kaya kuwa littafin zane, fensir 2B da 4B da 6B, kala da burushi, dubu takwas ta isa zango.

Abu Mai Fenti:
Malama ki bar ba ta labarin Zariya, ni ga ni nan. NCE na yi a zane, shekara uku mahaifiyata na saida ƙuli tana saya min kala. Na gama wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni, ranar farko aka ce ai zane ba darasi ba ne, aka haɗa min da soshiyal da aikin gona da tsaron geti da safe. Da hutu ya zo mai makarantar ya ce in yi musu ado a bango, na zana taswirar Najeriya da jihohi 36, da haruffa, da cikin ɗan Adam har hanji, sati uku ina kan tsani cikin rana da azumi a bakina. Da na nemi haƙƙina sai ya ce ai cikin albashi yake, albashin da wata biyu ban gani ba. Zango na gaba suka sallame ni, zanen na nan har yau, da shi suke ɗaukar hoton talla. Na koma rubuta allon shaguna, nan ma masu buga bana da inji suka kwashe aikin, ko lokacin zaɓen 2023 ba abin kirki da na samu. Duk sanda na bi ta layin nan sai na kau da kai wlh.

Maman Khalifa:
Subhanallah, Allah ya bi maka haƙƙinka Malam Abu.

Baban Zara:
Dubu takwas a ina Malama? Ɗiyata na yi, zangon da ya wuce na kashe sama da dubu ashirin a babbar kasuwa, kalar kaɗai ta cinye rabi.

Malamar Zane:
Ta kanti ka saya Alhaji, ɗan SS1 ba ya buƙatar wannan.

Hajjo Daura:
Mu nan Daura dubu biyar na ba yaro, kwali da gawayi malaminsu ya ce su fara da shi.

Abu Huzaifa:
Duk kuna ta lissafin kuɗi ba wanda ya tuna hukuncin zana abu mai rai. A fara tambayar malamai tukuna.

Hajjo Daura:
To ai zane ba mutum da doki kaɗai ba ne ɗan'uwa. Zayyanar allo fa da ake wa mai sauka? Dagin da ke jikin soraye da aikin wuyan babbar riga da hula, wa ya yi su? Ladi Kwali tukwane ta gina, ga ta nan a bayan naira 20.

Abu Huzaifa:
Ban ce duka ba Hajiya, cewa na yi a tambayi masu ilmi ba masu cin abinci da shi ba.

Malamar Zane:
In da ni kake, ba a makarantata za a sa yaron ba balle in ci wani abu. Kuma wanda ya shiga aji ya ga yara shi ya san abin da nake faɗa.

Abu Mai Fenti:
Ni ma na shiga ajin ai Malama.

Ɗan Ƙofar Soro:
Ni tun da na zana malamin lissafinmu da ƙaton kai a allo na sha bulala goma sha biyu na yi ritaya daga harkar 😂

Baban Zara:
Abin da ke ƙona min rai ma kuɗin furaktikal ne. Kowane zango sai sun karɓa, amma ko takarda ɗaya yarinya ba ta taɓa zuwa da ita daga makaranta ba, komi ni ke saye. Na yi magana a taron iyaye aka ce in zauna lokaci ya ƙure.

Hajjo Daura:
Mu har kuɗin kwamfuta muke biya, yaran sau ɗaya suka ga an buɗe ɗakin.

Maman Khalifa:
Na gode duka. Malama dan Allah zai iya zama a ajin kimiyya kuma ya haɗa da zanen a WAEC? Shi nake so in kai wa babansu yau da dare.

Baban Zara:
Kuma rasit ma ba su bayarwa fa, nawa kuke biya ku a can Hajjo?